Babi na Bakwai: Zakaran da Ya Yi Cara a Landan

A farkon watan Disamba na 1964, faifan waƙar da ya fi kowane ciniki a Birtaniya na wasu samari biyar ne da ake kira The Rolling Stones. Sunan waƙar "Little Red Rooster", zancen wani ɗan jan zakara take yi. Kamfanin Decca ya fitar da ita ranar 13 ga Nuwamba, kafin wata ya zagayo ta haye saman jerin waƙoƙin da aka fi saye. Ba waƙar tsalle-tsalle ba ce. A hankali take tafiya, jitar Brian Jones na kuka a bayan muryar Mick Jagger, irin kukan da tsirkiya ke yi idan makaɗi ya zura wa yatsansa ɗan bututu yana goga shi a kanta. Wannan kiɗa na baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, shi ake kira buluz. Waƙar ma ba samarin suka ƙaga ta ba. Aro suka yi.

Faifan kansa ɗan ƙarami ne, baƙar roba mai faɗin inci 7, yana juyawa sau 45 a minti ɗaya. Kamfanin RCA Victor na Amurka ya fara fito da irinsa a 1949. Tsaga guda ce siririya ta nannaɗe shi daga baki har kusa da tsakiya, allura na bin ta tana karanto sautin da aka sassaƙa a ciki. Waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowace minti uku ko huɗu. A tsakiya an manna zagayayyar takarda: sunan kamfani da manyan haruffa, sai sunan waƙa, sai sunan masu rerawa. Ƙarƙashin sunan waƙar akwai wata kalma da ƙananan haruffa, wadda mai saye bai cika kula da ita ba. A faifan Stones an rubuta Dixon.

Wannan ɗan rubutu shi ne sunan mai waƙa. Duk kwafin da aka sayar, duk sanda gidan rediyo ya sa waƙar, akwai kason da doka ta ware wa mai wannan suna, dabam da na wanda ya rera. Saboda haka 'yan haruffan nan sun raya gidaje, sun kuma raba abokai.

Daga gonar auduga zuwa tashar jirgi

Willie Dixon ɗan Vicksburg ne a jihar Misisipi, an haife shi a 1915. Yana cikin baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 da suka bar kudancin Amurka zuwa biranen arewa da yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, suna gudun wariya da wahalar noman auduga a gonar wani. A Shikago ya zauna, ya zama mai tsara waƙoƙi a kamfanin Chess. Shi ya tsara waƙar zakaran, wani ƙato mai kaurin murya, Chester Burnett, wanda duniya ta sani da Howlin' Wolf, ya rera ta a faifai a 1961. Su ma ba daga sama suka tsinto ta ba. Tun a 1929 Charley Patton, mutumin da Wolf ya koyi kiɗa a wurinsa a Misisipi, ya yi tasa waƙar zakara a faifai. Dixon ya ɗebo daga abin da ke yawo a bakin mutane, ya gyara, ya ba shi kai da ƙafa.

A watan Oktoba na 1961, wasu samari biyu da suka yi firamare tare suka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Dartford, kusa da Landan. Ɗayan, Mick Jagger, yana rungume da fayafayan Chuck Berry da Muddy Waters na kamfanin Chess. Ɗayan, Keith Richards, da ya ga abin da ke hannunsa sai hira ta ɓarke. Sunan ƙungiyar da suka shiga daga baya ma daga wata waƙar Muddy Waters ta 1950 aka ɗauko shi. Yara ne na Ingila da ba su taɓa ganin gonar auduga ba, amma sun zauna gaban garmaho suna mayar da allura baya, suna kwaikwayo har yatsunsu suka iya.

Abin da ya sa nake ganin girman waɗannan samari shi ne ba su ɓoye malamansu ba. A 1965, da aka gayyace su shirin talabijin na Shindig a Amurka, sun nemi a kawo Howlin' Wolf. Aka kawo shi, dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, ya tsaya yana waƙa, su kuwa suna zaune a ƙasa kusa da ƙafafunsa. Dubban matasan Amurka farare a ranar suka fara ganin mutumin da ke zaune a ƙasarsu tun kafin a haife su. Sai da 'yan aro suka zo daga ƙetaren teku kafin a san mai kaya.

Kura da shan bugu

Ba kowane aro ne ya ƙare da daɗi haka ba. A shekarar da zakaran Stones ya yi cara, ƙungiyar The Animals ta birnin Newcastle ta fitar da "The House of the Rising Sun", tsohuwar waƙar gargajiya ta Amurka wadda ba a san wanda ya fara ta ba. Tashi ɗaya suka ɗauke ta a ɗakin naɗar sauti, ta zama ta ɗaya a Birtaniya da Amurka. Mutum biyar suka yi aikin, amma sunan mai kaɗa ogan, Alan Price, kaɗai aka sa a matsayin wanda ya tsara ta. Kason tsarawa ya riƙa tafiya aljihu ɗaya. Price ya bar ƙungiyar a 1965, sauran kuwa sun shekara da shekaru suna jin zafin abin.

Na ƙungiyar Led Zeppelin ya fi wannan muni. A 1969 suka fitar da "Whole Lotta Love", wadda ta zagaye duniya. Wani sashe na baitocinta daga "You Need Love" aka kwaso shi, waƙar da Dixon ya tsara, Muddy Waters ya rera a 1962. Ba a sa sunan Dixon ba. Sai a 1985 ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu, aka ƙara sunansa a fayafayan da suka biyo baya. Kafin nan ma, a 1977, shi da Muddy Waters sun kai ƙarar Arc Music, kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin Chess, a kan kuɗaɗensu. Wato ko sunanka na kan takarda, sai ka tashi tsaye kafin haƙƙinka ya iso hannunka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dixon ya ga wannan da idonsa, shi ya sa ya kafa gidauniyar Blues Heaven don taimaka wa mawaƙan buluz da magadansu su san haƙƙinsu.

Afirka ma ta ɗanɗana. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya yi "Mbube" a faifai a 1939. Waƙar ta ƙetara Amurka, ta sauya suna ta koma "The Lion Sleeps Tonight", ta tara dukiya mai yawa. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka sasanta da iyalinsa.

Yadda waƙa ke tafiya a Gulbin Kaba

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan mutumin Kanan Bakashe da rigimar Landan da Shikago? Gari ne na manoma a jihar Maraɗi, tsakanin Mayahi da Tasawa, a kwarin Gulbin Kaba, ƙasar gero da wake da goriba. Garmaho kayan birni ne, na ma'aikata da 'yan kasuwa. Mutanen karkara ta rediyo suka fi jin waƙar nesa, Muryar Sahel daga Yamai da Rediyon Kaduna daga kudu, daga baya kuma kaset ɗin da 'yan ci-rani ke dawowa da shi daga Kano da Legas, a zauna a gindin bishiya ana lallaɓa batir kada ya ƙare.

Amma batun aron waƙa ya girmi garmaho a wannan ƙasa. A wurinmu waƙa gado ce. Makaɗin fada yakan tashi a cikin 'yan amshin mahaifinsa ko maigidansa, ya shekara yana karɓi kafin a ba shi baki. Idan babba ya kwanta dama, waƙoƙinsa ba sa bin sa kabari, yaransa ke ci gaba da su. Haka zuriyar Musa Ɗanƙwairo ta riƙe waƙoƙinsa bayan rasuwarsa a 1991. Waƙoƙin da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa har yau suna bakin mutane daga Sakkwato zuwa Tsibiri. Waƙar daka, da ta gaɗa, da ta noma a wurin gayya, babu wanda zai ce ga wanda ya fara su. Kowace yarinya da ta shiga dandali takan ƙara nata baiti, ta saka sunan ƙawarta ko na garinsu.

Bahaushe ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gaskiya ne, amma bai ce kada wani ya rera ba. Abin da al'ada ta tanada shi ne ladabi. Yaron makaɗi idan zai ɗauko ta maigidansa a gaban jama'a yakan ce, "Wannan ta Baba ce, Allah ya jiƙansa," taro ya amsa da amin. A ƙauye kuwa kowa ya san kowa. Wanda ya ɗauki waƙar mai gogen garin gaba ya ce tasa ce, tsofaffin da ke wurin za su tsinka shi tun bai kai amshi na biyu ba. Jama'a ita ce takardar shaida.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi wannan zurfi. Masana kiɗa irin su Paul Oliver, a littafinsa na 1970, da Gerhard Kubik, a nasa na 1999 mai suna "Africa and the Blues", sun yi nuni da cewa tushen salon buluz ya fi kusa da kiɗan ƙasashen Sudan ta Yamma, daga Mali har arewacin Najeriya da Kamaru, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Hujjarsu ita ce mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya, da yadda ake lanƙwasa murya ana jan ta. Wannan ra'ayin masana ne, ana kuma muhawara a kansa. Amma duk wanda ya saba jin goge ko gurmi ko molo da dare, idan aka sa masa tsohon faifan Misisipi, kunnensa ba zai ji baƙunta sosai ba.

Jita ta shigo gida

Mu ma mun yi aro, kuma mun ci riba. A Tawa, tun shekarun 1970, wani makaɗi da ake kira Mona ya kamu da son salon Jimi Hendrix, ya jagoranci ƙungiyar Azna de l'Ader, suna kiɗan rok mai ƙarar jita a tsakiyar Adar. Sun yi shekaru masu yawa suna wasa a gida kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga kiɗansu a faifan roba mai suna "Zabaya". Shi kansa Hendrix ɗin da Mona ya koya daga gare shi, da waƙar aro ya fara suna: "Hey Joe", faifansa na farko a Ingila a 1966.

A Maraɗi kuwa Sa'adu Bori ya juya ya kalli gida. Ya ɗauko kiɗa da waƙoƙin da aka sani a fagen bori, waɗanda masu goge da 'yan ƙwarya suka riƙe tun kaka da kakanni, ya ɗora su a kan jita da gangunan zamani. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da "Niamey Twice", kundin da ya haɗa shi da Moussa Poussy. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Maraɗi a 2008. Aikinsa ɗan'uwan aikin Dixon ne: ya ɗebo daga rijiyar jama'a, ya sa basirarsa, ya fito da abin da matasa za su taka rawa da shi. Masu gogen da suka adana waɗannan waƙoƙi a garuruwan Gobir da Katsina da Tasawa suna da hannu a wannan nasara, ko da ba a jera sunayensu ba.

Daga Agadas, Bombino ya je Amurka a 2006 tare da ƙungiyar Tidawt, ya sa jitarsa a wata sabuwar rerawa ta "Hey Negrita", waƙar Rolling Stones, a aikin da mai busa Tim Ries ya shirya tare da wasu daga 'yan ƙungiyar. Waɗanda suka ari waƙar Shikago, ga shi ɗan Nijar ya ari tasu. A 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys, wadda ta yi suna da haɗa buluz da rok, ya shirya masa kundin "Nomad". A Kano ma masana'antar fim ta daɗe tana ɗaukar karin waƙoƙin Indiya tana sa musu baitocin Hausa, kuma a wannan masana'anta 'yar Maraɗi, Fati Nijar, ta yi suna. A 2013 aka tattara wasu waƙoƙin fim na Hausa a faifan roba mai suna "Harafin So", aka sayar a Turai da Amurka. Babu al'ummar da kiɗanta ya tsaya a kan abin da ta ƙaga ita kaɗai.

Waƙa ba suna

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne hanyar da waƙa ke bi. Je ka kasuwar ƙauye a ƙasar Mayahi ranar da take ci. Za ka tarar da rumfar mai caji, allon sola a jingine a rana, wayoyi jere a kan tebur kowace da igiyarta, tsohuwar kwamfuta an lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Saurayi ya miƙo memori ya ce, "Abokina, zuba mini sababbi, na Kano da na Agadas." A ɗan lokaci an tura masa waƙa ɗari, ya biya 'yan canji ya tafi. Da yamma zai tura wa abokansa ta Bluetooth. Idan ka duba sunayen waƙoƙin a wayar, wata lamba ce kawai, wata an rubuta mata sunan wanda ya tura, wata kuma sunan wani mawaƙi dabam da ya fi shahara. Tsofaffin da ke tsinka maƙaryaci a dandali ba sa nan, takardar tsakiyar faifai ma babu ita.

Labarin Mdou Moctar ya nuna abin da suna ke iya yi. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya sauka Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, "Anar", da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba a kai shi kanti ba. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, "Tahoultine". Ɗan guntun sunan da ke jikin waƙar shi ya bi, yana tambaya, har ya gano mai ita. Waƙar ta fito a faifan "Music from Saharan Cellphones" a 2011. Daga baya wata ƙungiya ta birnin Portland mai suna Brainstorm ta sake rera waƙar "Anar" ta cikin kundin da kalmomin Ingilishi masu kama da sautin na Tamashek, aka buga ɗan faifai mai inci 7: gefe guda na Mdou, gefe guda nasu. Mai kaya da mai aro a faifai ɗaya, kowa da sunansa. Yau Mdou Moctar na zagaya manyan dandalin duniya. Da wanda ya fara tura waƙar ya goge waɗannan 'yan haruffa, wa ya san inda labarin zai tsaya?

Nijar na da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a Yamai. Najeriya na da hukumarta, ta kuma sabunta dokarta a 2023. Amma mai kalangu ko zabiyar da ke Kanan Bakashe ba ta san ƙofar waɗannan ofisoshi ba, su ma ba su san da ita ba. Ga shi kuwa yau kowane biki akwai wayoyi a sama suna ɗauka. Waƙar da tsohuwa ta rera a wurin kamun amarya za ta iya kwana a Kano, yaro mai kwamfuta ya ɗora mata kiɗa, ta zagaye TikTok, ya samu suna da kuɗi, ita kuwa ko goro ba ta gani ba.

Ba na kiran a daina aro. Da an hana shi, da babu Dixon, babu Stones, babu Sa'adu Bori. Waƙar da ba a sake rerawa mutuwa take yi tare da mai ita. Abin da nake kira a kai ya fi haka sauƙi, kuma yana hannunmu tun kafin doka ta iso. Mai ɗaukar waƙa a waya ya tambayi sunan mawaƙi da garinsu, ya rubuta a jikin abin da ya ɗauka. Mai rumfar turi ya bar sunan yadda ya same shi. Gidajen rediyon karkara, waɗanda suka fi kowa kusa da waɗannan makaɗa, su riƙa faɗin suna kafin waƙa da bayanta, su kuma adana abin da suka naɗa da kwanan wata. Matashin da ya ɗauki waƙar tsoho ya shiga da ita situdiyo ya ambace shi, in ta karɓu ya koma ya gaishe shi da abin da ya sawwaƙa, su yi magana a kan rabo tun kafin a kai ga alƙali. Yaba kyauta tukwici, kuma wanda ya ba ka waƙa ya ba ka abin da ya fi riga.

Howlin' Wolf ya rayu har ya ga samarin da suka koya daga fayafayansa sun zauna a gabansa. A 1970 ya je Landan ya naɗi kundi tare da wasunsu, har da Eric Clapton da Charlie Watts da Bill Wyman, a cikin aikin ma ya tsaya yana nuna musu yadda ake kaɗa waƙar zakaran daidai. Makaɗanmu na karkara da yawa sun tsufa, kuma a kansu akwai waƙoƙin da babu su a ko'ina sai a ƙwaƙwalwarsu. Wanda ke son ya ara daga gare su, ya je yanzu suna da rai, ya zauna a ƙasa ya koya, ya kuma rubuta sunansu.